Ɗan Layin da Inna Ba Ta Gani Ba

Innarmu ba ta faɗin sunan Yaya. Shi ne ɗanta na fari, kuma a gidansu can Argungu haka suka tashi suka tarar: mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna wa kowa ta damu da shi. In za ta yi maganarsa sai ta ce "yayanku", in ranta ya ɓaci ta ce "wancan". Ni auta ce, sunana kuwa kullum a bakinta yake, har na gaji da jinsa. Shi ko zazzaɓi yake yi, sai dai ta dama kunu ta miƙo mini ta ce in kai ɗakin zaure. Ba za ta ce in kai wa wane ba, alhali shi kaɗai ke kwana a ɗakin.

Abin nan ya daɗe yana ba ni haushi, kuma ni ba na iya ɓoye haushi. Na sha ce mata, "Inna, ke kika haife shi fa, ba tsintarsa aka yi ba." Sai ta ce in rufe mata baki.

Babanmu ya rasu tun ina firamare, mu uku muka rage a gidanmu na unguwar Badariya a Birnin Kebbi. Da Yaya ya samu gurbin karatun haɗa magunguna a Indiya, sai muka koma mu biyu. Ya bar mini tsohuwar kwamfutarsa, wadda batirinta ba ya riƙe wuta sosai, ɗan hasken da ke kusa da kyamararta ma ya mutu tun tuni. Lokacin na gama sakandare, ina zuwa wani shagon koyon kwamfuta da safe. A kwamfutar nan yake kiranmu ranar Juma'a bayan la'asar, don idon Inna ba ya ganin fuska a waya, ta ce kamar a nuna mata mutum cikin cokali.

Yadda ake kiran nan ma abin kallo ne. Zan kife turmi a baranda in ɗora kwamfutar a kai. Inna za ta shiga ɗaki ta yafa mayafi kamar za ta gaida suruki, ta fito ta zauna a tabarma, ba a gaban allon ba, a gefe, da faifan shinkafa a cinyarta tana tsintar tsakuwa. Yaya zai ce, "Inna, ina wuni?"

"Lahiya lau."

"Ya zafi?"

"Lokacinai ne."

Can sai ta juyo gare ni, "Tambaye shi ko shina samun abinci."

"Inna, ga shi nan fa, yana jin ki."

"Ke nika ma magana."

Sai in juya in ce, "Wai kana samun abinci?" Shi kuma ya yi dariya ya ce, "Ki ce mata ina samu, sai dai yaji ya yi yawa." In sake juyawa. Haka nake zama kamar tafinta a kotu tsakanin mutum biyu da ke jin Hausa ɗaya. Idonta a kan faifai yake, amma na sha kama ta tana satar kallon allon ta ƙasan ido. Da an gama, za ta ce, "Ya tahi?" In ce ya tafi. Sannan ta zare mayafin ta miƙe ƙafa, ta ja numfashi.

Wanda bai saba da kwamfuta ba, bari in gaya masa wani abu, don a kansa komai ya faru. A can ƙasan allo akwai wani baƙin ziri da ya ratsa daga wannan gefe zuwa wancan. A kansa ake jera ƙananan hotuna na abubuwan da mutum ke yawan buɗewa. Hotunan suna nan kullum, ko an buɗe abin ko ba a buɗe ba. In ka buɗe abu, kana iya rufe shi gaba ɗaya, kana kuma iya sauke shi ƙasa ya ɓace daga allo amma yana nan da ransa. Bambancin wanda aka rufe da wanda aka sauke kawai shi ne wani ɗan layi shuɗi-shuɗi a ƙarƙashin hotonsa, sirantarsa ba ta kai tsinken tsintsiya ba. A makon farko aka koya mana wannan a shago. Na sani sarai.

Wata Juma'a cikin zafin bazara Yafendo ta zo daga Argungu. Ƙanwar Inna ce uwa ɗaya uba ɗaya, mace mai surutu da dariya, ba ta zuwa sai da ƙunshin bandar kifi. Ita ba ruwanta da kunyar ɗan fari tunda ba ita ta haife shi ba. Ta zauna daram a gaban allon tana tsokanarsa.

"Kai ɗan ga, ina naman jikinka? Ko Indiyawan sun yanka sun ci?"

"Yafendo, ai su ba su cika cin nama ba."

"To shi ya sa kai ma ka koma kara. Kar dai ka kwaso muna mai jan ɗigo ga goshi."

Ana cikin haka sabis ya ɗauke. Fuskar Yaya ta tsaya cak, bakinsa a buɗe, muryar ta yanke. Abin da aka saba ne. Wani lokaci ya dawo da kansa, wani lokaci kiran ya mutu sai wani mako. Ni kuwa ranar hankalina ba ya wurin. Ƙawata za ta yi aure, an fitar da anko, tela ya ce in ban kai masa samfurin ɗinki kafin magariba ba, ba zai karɓa ba. Hotunan ɗinkin suna cikin kwamfutar. Tun da aka fara kiran nake ƙagara a gama. Da na ga fuskar ta daskare, na ɗan jira kaɗan, na ce a raina shi ke nan. Maimakon in kashe kiran, sai na sauke shafin ƙasa, don shi ya fi kusa da hannuna, na buɗe hotunan ɗinki.

Inna ta ce, "Ya tahi?"

Na ce, "Ya tafi."

"Kin tabbata?"

"Inna, na ce ya tafi. Ba ga shi kina gani ba?"

Ta leƙo. Allo cike da mata sanye da leshi, babu Yaya. Ta zare mayafi ta miƙe ƙafa.

Da ni kaɗai ce a wurin, da ba ta ce komai ba, don ba ta irin wannan magana da ni. Amma ga ƙanwarta kusa, wadda suka kwana tabarma ɗaya suna yara. Ta aje faifan ta ce, "Kin ga wuyanai?"

Yafendo ta ce, "Karatu ne. Kowa ya tahi haka yake komawa."

"A'a. Ba shi cin abinci. Na san shi. In abu ya dame shi ba shi hwaɗi, sai dai shi bar ci." Ta ƙara da cewa, "Ni na ce a bari shi tahi. Kawunnanai sunka ce shi tsaya shi riƙa gonar Zauro, ni na tsaya kai da hwata. Yanzu in na ji ƙarar babur ya tsaya ƙohwar gida, sai gabana shi hwaɗi, in ce ko shi ne. Na san ba shi ba ne, amma sai na saurara."

Ina ji, ina kuma danna hotuna. Kunya ta kama ni, na yi kamar ban ji ba, na ƙura wa allo ido. A nan ne idona ya sauka a kan zirin ƙasa, na ga ɗan layin nan a ƙarƙashin hoton manhajar kira. Na gan shi da idona. Sai na ce a raina ai shafin ne ban rufe ba, kiran kam ya mutu tun ɗazu. Layin ba ya gaya maka wannan. Ko kira na tafiya ko ya yanke, kamanninsa ɗaya ne. Dannawa ɗaya za ta nuna mini gaskiya, amma na ga wata riga mai hannun da ya yi mini kyau, na tsaya ina ƙara girmanta.

Inna ta ci gaba. Ta ba da labarin da ban taɓa ji ba, na lokacin da aka yaye shi aka kai shi wurin kakarmu a Argungu. Ta ce in ta je gida ba ta iya ɗaukarsa a gaban mutane, sai ta zagaya bayan danga ta leƙa ta kafar kara tana kallonsa yana wasa da ƙasa. Ta ce wata rana ya faɗi ya fasa leɓe, tana gani, ta cije hannunta ba ta fito ba. Sai ta fashe da kuka, ta kira sunansa. Sunansa na yanka, cikakke. Tunda aka haife ni ban taɓa jin kalmar nan ta fito daga bakinta ba, har na ji ta baƙuwa, kamar sunan wani.

Sai kwamfutar ta ce, "Inna."

A hankali Yaya ya faɗa. Babu fuska, matan leshi ne dai a allo. Yafendo ta dafe ƙirji ta yi salati. Inna ta lalubi mayafinta ta rufe kai har fuska, ta tashi, ƙafarta ta bugi faifan, shinkafa ta watse a baranda, ta shige ɗaki ta ja ƙofa.

Na danna hoton da sauri, Yaya ya dawo allo, hannunsa a kan bakinsa. Ban san lokacin da sabis ya dawo ba. Na kashe kiran ban ce masa komai ba.

Abin da na fara yi shi ne kare kaina, don halina ke nan. Na ce wa Yafendo sabis ne, ba ni ba ce. Ta ce, "Sabis ne ya ce ya tahi, ko ke?" Na ce ai akwai alama, ga ta nan, kowa ya duba zai gani. Na sake buɗe manhajar na sauke ta, na nuna mata layin. Ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa allon.

"Ina?"

"Ga shi nan, ƙarƙashin wannan."

"Wanga? Wanga shi ne alama? Ni na ɗauka datti ne. Ke ɗiyar ga, ko masunta in sunka saka taru, gora suka ɗaurawa wadda aka hangowa daga tudu. Namiji in shina cikin gida ai shina gyaran murya. Wanga ɗan zare shi za ya tsare mutuncin uwarki?"

Ban je wurin tela ba ranar. Na tsince shinkafar daga ƙasa ƙwaya ƙwaya, kaji suna taya ni.

Inna ba ta yi mini faɗa ba, kuma na so ta yi. Washegari ta tashe ni sallar asuba kamar kullum, ta aike ni cefane, ta kira sunana yadda ta saba. Kwamfutar ce kawai ta daina kallo. In na ɗauko ta baranda, sai ta tuna da wani aiki a madafa. Juma'a ta zagayo, Yaya ya kira, na kife turmi. Ta ce daga ɗaki, "Ki ce ina lazumi." Juma'a ta gaba ta ce kanta ke ciwo. Na ɗauki waya na ce to ga shi a waya, murya kawai, ba fuska. Ta ce, "Ki gaishe shi."

Ni na huce a kan Yaya. Na ce, "Kai ma me ya hana ka magana tun farko? Kana ji ka yi shiru kamar ɓarawo."

Ya ce, "Ke kin saba jin ta. Kullum tana kiran ki, tana yi miki faɗa, tana tambayarki. Ni ban taɓa ji ba. Na kai hannu zan kashe, hannun ya ƙi."



Ya ƙara da cewa, "Ban ce ta sake faɗin komai ba. Ta dawo ta zauna a gefe da faifanta, ta ce a tambaye ni ko ina cin abinci. Shi ke nan nake so."

Jarrabawarsa ta matso lokacin, wuyan nan da Inna ta gani ya ƙara tsawo. Kafin abin nan ya faru yana da uwa mai zama a gefen allo tana ce masa lahiya lau. Ni na raba shi da wannan ɗan abin saboda hannun riga.

Bayan nan Inna ta haɗa kaya ta ce za ta Argungu duba Yafendo da ke ciwon ƙafa. Yafendon da na ga ta haye babur da tsalle ranar da za ta koma. Inna ta kira wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta riƙa kwana da ni, ta tafi.

Na shiga neman yadda zan gyara zirin nan, don ban san wani abin da zan iya gyarawa ba. Na tambayi malaminmu a shago ko ana iya ƙara wa layin kauri. Ya ce, "Don me? Ai kowa ya san wannan layin." Maganata ce sak, amma da na ji ta a bakin wani sai na ji kamar in mare shi. Ya dai nuna mini inda ake canza launi. Na mayar da shi ja, jan da ya fi kowane ja a cikin saitin. Ya fi da, amma har yanzu siriri ne. Na gano yadda ake sa kowane abu da aka buɗe ya fito da faɗi, da sunansa rubuce a gefe. Na yi murna, sai na tuna Inna ba ta karanta boko, makarantar allo ta yi. Rubutun ba zai amfane ta ba, amma faɗin ya yi, don layin ja ya ƙara tsawo ya zama kamar ɗan yatsa. Na bar shi haka.

Duk da haka in na ja baya na tsaya inda take zama, na ɗan runtse ido yadda nake jin nata idon yake gani, sai in ga tarkace kawai. Yaya ya jera hotuna a zirin nan tun daga wannan ƙarshe har wancan, abubuwan da ni ko taɓa su ban taɓa yi ba.

Wata rana na dawo daga shago da azahar, na shigo gida, idona ya kai bakin ƙofar ɗakin Inna. Babu takalminta. Na san ba ta nan, amma kullum sai na duba, don tun ina yarinya haka nake gane tana ciki ko ta fita. Kowa a gidanmu haka yake yi. Inna in ta ga takalmin namiji a bakin zaure, tun daga nan take rage murya. Na tsaya ina kallon daɓen nan da babu komai a kansa, sai na gane abin da ke damun zirin. Takalma ne jibge a bakin ƙofa dare da rana, ko masu su suna ciki ko ba sa ciki, sannan a ce ka gane wanda ke ciki ta wani ɗan zare. Ko azahar ban yi ba na zauna na cire su ɗaya bayan ɗaya. Zirin ya koma baƙi fayau. In na buɗe manhajar kira, hotonta ya fito shi kaɗai da jan layinsa. In na rufe, ya ɓace.

Ranar Asabar na sa kwamfutar a jaka na shiga motar Argungu. Muka wuce Ambursa, fadama shar da shinkafar rani, injinan ban ruwa suna ta ƙara. Duk hanyar ina shirya abin da zan ce, ina rushewa. Ni ban iya ba da haƙuri ba, in na fara sai ya koma gardama.

Na same su a tsakar gida suna gyaran albasa. Yafendo ta ce, "Ga 'yar boko da akwatin tsegumi." Inna ta amsa gaisuwata ta tambayi gida da maƙwabciya, ba ta kalli jakar ba.

Na durƙusa na ce, "Inna, ni na ce ya tafi ban duba ba. Na ga alamar ma, na ƙi dubawa, ina kallon ɗinki."

Ta ce, "Ya wuce."

"Bai wuce ba, tunda ga ki nan Argungu kina jinyar mai lafiya."

Yafendo ta tuntsire da dariya har da buga cinya. Inna ta harare ni, amma ba ta tashi ba. Na buɗe kwamfutar a kan tabarma na ce ba kira zan yi ba, ko data ban kunna ba, abu kawai zan nuna mata. Na nuna mata zirin babu komai. Na ce, "Nan bakin ƙofa ne. Kin ga ba takalmin kowa." Na buɗe manhajar, na sauke ta ƙasa. "Kin ga allo ba kowa, amma ga takalmi a bakin ƙofa, ga ja a ƙarƙashi. In kin ga wannan, ki ɗauka yana ciki. Ko sabis ya ɗauke, ko fuska ta tsaya, ko ni na rantse miki ya tafi, in dai wannan yana nan, yana nan." Na rufe, zirin ya koma fayau.

Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Sake."

Na sake. Ta ce in ƙara. Yafendo ta ce, "Yanzu kam ko ni na gani. Da can mi ya hana masu abin su yi shi haka?" Inna ta goge hannunta a zane ta kai yatsa ta taɓa wurin da jan layin yake, ta bar ɗan tabon albasa a allon. Na kwana, na koma Birnin Kebbi ni kaɗai, ina ganin na yi aikin banza.

Ana gobe Juma'a sai ga Inna ta dawo, da ƙunshin kifi.

Bayan la'asar na kife turmi ban ce mata komai ba. Yaya ya kira. Muna gaisawa na ji motsin ƙofa. Ta fito da mayafi da faifai ta zauna a gefe, wurinta na da. Yaya ya gan ta ta gefen allo, ya gyara zama kamar ɗan makaranta.

"Inna, ina wuni?"

"Lahiya lau."

Tsakuwa ɗaya ta faɗa ƙasa, wata ta bi ta. Can ta ce mini, ba ta ɗago ba, "Sauke shi ƙasa."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce, "In kashe?"

"Na ce ki kashe? Sauke shi."

Na sauke. Allo ya koma hoton ruwa da Yaya ya sa tun da. A ƙasa ga hoton nan shi kaɗai da jan layinsa. Na ce, "Inna, yana ji fa. Ga shi nan ja."

"Na gani. Ba makauniya nike ba."

Ta ci gaba da tsintar shinkafa. Sai ta fara magana, fuskarta a wajena, kamar hira muke yi mu biyu. Ta ce, "Wanga yayan naku, tun shina ƙarami in jarrabawa ta taso sai shi bar cin abinci. Wauta ce. Ciki wofi ba shi riƙe karatu. In yaji ya yi mai yawa, ai shina iya dahwa shinkahwa da kainai, ya ga yadda nika yi. Kuma gonar Zauro tana nan, ba ta zuwa ko'ina, kar wani shi sa ma ranai zai dawo bai ƙare abin da ya kai shi ba. Ni lahiyata lau. Kullum ina sa shi cikin addu'a, ba sai an hwaɗa mai ba."

Daga kwamfutar ko tari ba a yi ba. Ni ma na kama bakina, abin da ban saba ba. Da ta gama ta ce, "To, ɗauko shi." Na dawo da shi allo, idonsa ja. Ta ce, "Tambaye shi ko da wani abu." Na tambaya. Ya ce, "Ki ce mata babu."

Haka ake yi har yau. A gaisa, ta ce a sauke shi, ta faɗi abin da za ta faɗa a kaina, shi ya yi shiru a ƙasan allo. Wani lokaci faɗa ne, wani lokaci labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu. Sunan dai ba ta sake kira ba, kuma labari irin na bayan danga ban sake jin ta ba wa kowa ba, ko Yafendo, in ina kusa.

Tambayar nan ma ta daina yi mini. A da in an gama sai ta ce, "Ya tahi?" in amsa, ta zare mayafi a kan maganata. Yanzu ko na ce, "Inna, ya tafi," ba ta amsawa. Sai ta aje faifan, ta dafa ƙasa ta matso, ta sunkuya ta duba zirin da idonta daga wannan gefe zuwa wancan. In ta ga babu komai, sannan ta zare mayafin ta miƙe ƙafa.